Wanda Ya Huda Tankin Tannie Ragel

Mu bakwai ne a ƙungiyarmu ta harbi, amma kwamitinmu uku. Filin kuwa taku talatin ne, daga garejin Tannie Ragel (“Tannie” inna ke nan a yaren garinmu) zuwa katangar maƙwabta, ga igiyar shanya ta ratsa ta tsakiya. Takarda muke harbi da bindigar iska. Ciyaman ɗinmu, Oom Stoffel (“Oom” kuma kawu ke nan), “sansani” yake kiran wurin. Ya yi soja wata tara tun kafin a haife ni, a sito, yana ninke barguna.

Kowa da lokacinsa. Manya sun kwashe Asabar da Lahadi, ranakun gashin nama. Ni aka ba ni Laraba ƙarfe biyu, lokacin da ko ƙadangaren busasshen yankinmu na Karoo ba ya leƙowa saboda zafin rana. Ban damu ba. Awar nan ce kaɗai a mako da ba mai ƙwala min kira daga kantin da nake aiki. Bindigata gwanjo ce, saiti a waya na koya, kuma na fi su duka. Wannan ba a maganarsa.

Ranar Alhamis Tannie Ragel ta tarar da tankin ruwan samanta an huda shi, yana tsiyaya. Shekara uku ba mu ga ruwan kirki ba. Ta ce duk wanda ya yi, kada ya ƙara taka mata gida.

Aka kira taron gaggawa. Oom Stoffel ya zo da rigarsa mai aljihu goma sha huɗu, ya auna hudar da rula.

“Elzette, ’yata,” ya ce, “Laraba taki ce. Ba laifinki ba ne, horo ne babu. Soja daga tsayuwarsa ake gane shi.”

“Gaskiya ne, Oom.”

Dakta Lesiba, likitan haƙori, sakatarenmu, har ya fara rubuta takardar sallamata. Rubutunsa da kyau.

Na ce, “Tannie, ba sai an kwashe ruwan kafin a liƙe ba?”

“Sai an kwashe.”

“To abin da ya shiga yana ciki. Harsashin dalma ba ya iyo.”

Ta fito da bokitai, ta miƙa wa kwamiti uku. Awa biyu suna jido zuwa durom da bahon wanka. Oom Stoffel ya ce shi zai sa ido, saboda bayansa. Ciwon yaƙi ne.

Da ruwa ya ƙare, ni kaɗai bakin tankin ya ɗauka. Sauran kuwa, tumbin da gashin naman Asabar ya ajiye musu ya hana su. Na shiga, Tannie tana haska min tocila daga sama. Ga harsashin nan a cikin laka yana ƙyalli kamar zinare.

Duk garin nan harsashin baƙar dalma muke saya a shago ɗaya. Mutum ɗaya ne ke odar harsashi mai ruwan zinare daga Jamus, yana kulle shi a gwangwani, yana yi mana lacca a kansa duk wata. Taɓawa ma ba ya bari.

Na ɗora shi a tafin Tannie.

“Stoffel,” ta ce, “me ya kawo ka gidana ranar Laraba?”

“Duba sansani na zo yi da yamma, Ragel, kina coci. Haƙƙin ciyaman ne.”

“Da bindiga?”

“Oom,” na ce, “in atisaye kake so a ɓoye, da ka zo ƙarfe biyu. Da na nuna maka.”

Dakta Lesiba ya yi tari, ya ninke takardata ya cusa a aljihu. Kwamitin tsaro ya koma gefe ya zauna minti goma, ya dawo da sakamakon bincike: iska ce ta kaɗa, kuma tankin bai tsaya inda ya dace ba.

Tannie Ragel ba ta cikin kowane kwamiti. Ta miƙa hannu kawai, Oom Stoffel ya laluba aljihu shida kafin ya samo makullin ƙofarta da ta ba shi a matsayin ciyaman.

Yanzu Asabar da safe tawa ce, har da inuwa. Larabar ma ban saki ba. Oom Stoffel yana nan a ciyaman, don tsarin mulkinmu bai ce dole ciyaman ya shigo fili ba. Ta saman katanga yake gyara min tsayuwa.