Jirgin da Shamshon Bai Ƙarasa Ba

Filomina ce ta fara lura, tun kafin mai hannun ya sani. Nas ce, ta daɗe tana aiki a ɗakin tsofaffi na wani asibiti a tsibirin Staten Island, can ƙasar waje. Suna karin kumallo ta ga babban yatsan mijinta Shamshon yana motsi shi kaɗai, kamar mai murza ƙwayar gero. Ta gane alamar, amma ba ta gaya masa ba.

Shamshon makanike ne a garejin motocin bas, amma jirgin sama ne a ransa tun yana yaro a Kaduna. Da suka samu gida a unguwar Port Richmond sai ya cika ɗakin ƙasa da ƙananan jiragen roba, irin waɗanda ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi musu fenti. Jiragen Jamus na yaƙin duniya na biyu yake haɗawa, bi da bi yadda aka ƙera su. Ga Messerschmitt 109 na farko, ga ƙannensa, kowane da injin da ya fi na baya ƙarfi da nauyi, ga Focke-Wulf mai ƙaton hanci. Ta taɓa tambayarsa me ya haɗa shi da kayan azzalumai.

"Mugaye ne, ban musa ba," ya ce. "Ni aikin injin nake kallo."

Saura ɗaya ya cika jerin, wato Messerschmitt 262, mai injin jet biyu, wanda ba shi da farfela. 'Yarsu Hosanna ce ta aiko masa da shi a Kirsimetin 2014.

Ranar wata Lahadi, bayan sun dawo daga coci, Filomina ta sauka kai masa shayi. Ta tarar yana ƙoƙarin ɗora murfin gilashin da ke rufe mazaunin matuƙin wannan jirgin. Abin bai kai farce girma ba. Ya kama shi da hantsaki, ya kawo daidai wurin, sai hannun ya kama rawa. Ya janye, ya ja numfashi, ya sake. A karo na uku gam ya shafi gilashin, ya yi fari fat.

Ta ajiye kofin ta riƙe masa wuyan hannu. Rawar ba ta tsaya ba, sai ma ta ji tana ratsa nata hannun.

"Maman Hosanna, sake ni," ya ce a hankali. Can ya ɗago. "Kin sani, ko?"

"Na ɗan jima da gani."

"Yana warkewa?"

Ta sha amsa wa 'yan'uwan marasa lafiya wannan tambaya, da murya mai sanyi.

"Ana rage shi," ta ce.

Likita ya tabbatar cutar Parkinson ce. Maganin da ya ba shi kan kwantar da hannun da safe, to amma safiyar ta gareji ce, kafin ya dawo gida rawar ta dawo. Shekara ba ta zagayo ba ya ajiye aikin ma.

Wata rana ta ce, "Baban Hosanna, ka ari hannuna. Kai ka faɗa, ni in yi."

Suka zauna tare. Yana cewa "hagu kaɗan, a'a, ya yi yawa," tana bi, har ta manna injin ɗaya a ƙarƙashin fiffike. Ya karkace kaɗan. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ya yi kyau. Na gode," ya ce, ya rufe kwalin.

Bai sake neman ta taya shi ba. Amma kullum da la'asar takan ji takunsa yana sauka ƙasa, ta ji ya ja kujera, daga nan shiru. Ita kuma ta tsaya a bakin matakala tana saurare, ta rasa ko ta bi shi ko ta ƙyale shi.