Cokalin Farko

Guduma ce a hannun Direba, ƙusoshi a bakinsa, lokacin da na shiga gidan. Sakata yake kafawa a ƙofar ɗakin kawunsa, ta waje.

"Wannan kuma ta mece ce?" na tambaye shi.

Ya cire ƙusoshin daga baki. "Baba Malam, ai ka gani da idonka. Ya bar cin abinci, ya bar shan magani. Jiya tukunya ya kifar a tsakar gida, wai mun zuba wani abu. Nas ɗin da ke duba shi ta ce in bai koma kan maganinsa ba, dole a sake kwantar da shi. Inna ga ta a kwance, ni kuma mota na jirana. Bari ya kwana a kulle, gobe in mayar da shi asibiti."

"In ka mayar da shi gobe, zai sake ganin yayarsa da rai?"

Daga cikin ɗakin aka ce, a nutse: "Ina jin ku. Ba sai kun rage murya ba."

Ya kamata in bayyana mutanen nan. Layinmu gidaje ne iri ɗaya, ɗaki biyu da falo da ƙaramin tsakar gida, waɗanda aka gina wa ma'aikatan jirgin ƙasa kafin a haife ni. Har yau lambar kowane gida tana nan a ƙarfe bisa ƙofa, ko da yake jirgin ya daɗe da daina zuwa. Ni tarihi na koyar a makarantar sakandare har na yi ritaya. Katanga ɗaya ce ta raba ni da Mai Keke, mahaifiyar Direba, wadda ƙarar keken ɗinkinta ta kasance agogon layinmu. Ƙanenta kuwa, wanda ake kafa wa sakatar, ɗalibina ne a dā, yaro mai rubutu kamar na inji. Ya yi aikin sayar da tikiti a tasha, shi ya sa muke ce masa Akawu. Ita kaɗai ke ce masa Auta.

Mutanen layi sukan ce rufe tashar ne ya taɓa masa hankali. Ba haka ba ne, kuma na sha gyara musu. Ciwon ya fara tashar tana aiki, a daminar da gadar kogi ta karye. Rufewar daga baya ta zo. Asibitin masu taɓin hankali da aka kwantar da shi asalinsa ɓangaren gidan yari ne. An yi masa fenti, an kawo likitocin kirki, amma tagoginsa ba su manta da aikinsu na farko ba. Ranar da aka sallame shi, an miƙa wa yayarsa ledar magani, aka gaya mata lokacin dawowa allura, aka yi musu fatan sauƙi. Ragowar aikin, wanda shi ne mafi tsawo, ya zama nata.

Maganin ya kwantar da muryoyin da yake ji. Abu ɗaya ne bai kwanta ba: ya tabbata a ransa ana zuba masa guba. Mai Keke ba ta yi gardama da shi ba, domin ta gwada ta ga gardama ba ta cika ciki. Sai ta ƙirƙiro tata hanyar. Ta zuba abinci a gabansa, ta ɗauki cokalinsa ta ci na farko, ta kurɓi ruwan kofinsa, sannan ta hau keke ta ɗinka gefen zane guda yana kallonta. Idan ƙafarta ta tsaya a kan feda bai ga ta faɗi ba, sai ya ci, ya haɗiye ƙwayarsa da wannan ruwan. Safe, rana da yamma, tun Direba yana rarrafe har ya yi gemu. Biki ba ya riƙe ta, rasuwa ba ta kwanar da ita a wani gida. Da wannan cokalin Akawu ya zauna lafiya, har yana yanke mata zare yana saka maɓalli, yana raka 'yan makaranta tsallaka titi.

Sai ƙari ya fito mata a maƙogwaro. Da farko tana tauna na farkon ta haɗiye da ƙyar, daga baya ko ruwa sai da dabara. Dangi suka taru suka yanke shawara, da kyakkyawar niyya, cewa kada a tayar wa Akawu da hankali. Aka rataya labule mai kauri a ƙofar ɗakinta, aka ce masa zazzaɓi ne, aka hana shi shiga. Mutumin da ciwonsa zargi ne, aka kewaye shi da raɗa.

Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofarsa. Ta tsagin ƙofar na hango shi a gefen gado, ya saka maɓallan rigarsa har wuya, takalmansa a jere.

"Akawu, me ya sa ka bar cin abinci?"

"Malam, kai ka koya mana mu bi abu daga tushensa," in ji shi. "Wa ke cin na farko? Yaya. A ina abin ya tsaya mata? A wuya. Abin da aka zuba domina ne ya taru mata, kaɗan-kaɗan. Ni ya kamata in kwanta a bayan labulen nan. In na ce zan ci, wani zai ɗanɗana, shi ma ya bi ta. Ɗaya ta isa."

Direba ya sauke gudumar a hankali. Duk tsammaninmu tsoron mutuwarsa yake ji.

A nan aka buga kofi a jikin ƙarfen gado daga bayan labule. Haka Mai Keke take kira tun da muryarta ta dushe. Muka shiga. Ta rame har zoben hannunta yana yawo, amma idanun nata ne.

"Wa ke min aikin kafinta a gida?" ta faɗa da ƙyar. Ta dubi ɗanta. "Kai da ko maɓalli ba ka iya sakawa? Buɗe min Auta. Ka yaye wannan tsumman. Ka zubo shinkafa, da cokalinsa."

"Inna, ba ya cikin..."

"Na ce ka zubo."

Akawu ya shigo yana bin bango. Da ya gan ta sai ya durƙusa a gaban gadon, bai taɓa ta ba, kamar mai tsoron ya ƙara mata wani abu.

"Yaya, na kashe ki."

"Ji shi da girman kai," ta ce, wani abu mai kama da dariya ya sarƙe ta. "Komai sai ya zama naka? Ciwona ma? Likita ya nuna min hoton, Auta. Irin na Baba ne. Baba ya taɓa ɗanɗana maka abinci?"

Ya juyo gare ni. A aji ma haka yake yi idan littafi ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba.

"Gaskiya ne," na ce. "Mahaifinku yana gyaran layin dogo ciwon ya kama shi, a wuya, ya hana shi haɗiya. Ya rasu kana ajina na ƙarshe, shekarar da aka sauya rufin tasha daga katako zuwa kwano. Ni na zo na ɗauke ka daga aji. A lokacin ba ka fara aiki ba, ba ka fara ciwo ba, ba wanda ke ɗanɗana maka komai."

"Malam ba ya kuskuren shekara," ya ce, kamar da kansa yake magana. Ba zan ce ya yarda ba. Irin wannan ciwo ba ya sallama da hujja ɗaya. Amma wani wuri ya ɗan buɗe, kuma ta gani.

Direba ya kawo farantin. Ta ɗebi shinkafar, ta kai cokalin ga leɓenta ta taɓa kawai, sannan ta miƙo mini.

"Malam, kai da ka san ranar da kowane sarki ya mutu, cokali dai ba zai gagare ka ba. Ni na yi ritaya. Karɓi."

Akawu ya cafke wuyan hannuna. Yatsunsa sanyi ƙalau. "Kada ka ci, Malam."

"Na girmi yayarka," na ce masa, "kuma likitana ya hana ni gishiri, da mai, da duk abin da ke da daɗi. Ka bar ni in ci wani abu yau."

Ya sake ni. Na ci, na kurɓi ruwan. Sai ɗakin ya yi tsit, domin yanzu ne lokacin ɗinkin gefen zane, keken kuwa yana falo a rufe. Mai Keke ta harare ni.

"To yi masa surutun naka mana. Yau dai ya yi amfani."

Na fara ba shi labarin yadda aka shimfiɗa layin dogon, daga ina aka kawo katakon, da yadda aka yi ta gardama kan inda za a kafa tashar. Yana kallon wuyana, ba bakina ba. Da na kai ga gadar kogi sai ya gyara mini sunan wani injin, kuma shi ne da gaskiya. Sannan ya jawo farantin ya ci, a hankali, yana hawaye. Ya haɗiye ƙwayarsa. Daga tsakar gida muka ji ƙarar ƙusa ana zare ta daga katako.

Ba a mayar da shi ba. Nas ta zo ta duba shi, ta yi masa allurarsa a gida, ta ce za ta riƙa leƙowa. Kwanakin da suka rage wa Mai Keke, shi ya yi jinyarta. Yakan jiƙa auduga ya shafa mata a leɓe, ya juya mata matashi, ya kori ƙuda. Wata safiya, rana ta fara shigowa ta taga, mai burodi na kiran kayansa a layi, Akawu ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, Yaya ta tsaya." Kalmar da yake faɗa ke nan idan ƙafarta ta bar feda.

Da za a fita da gawarta, wasu daga dangi suka ce a bar shi a gida. Direba ya ce, "Kawuna ne, yayarsa ce," ya kama hannunsa suka tafi tare.

Bayan baƙi sun watse aka raba aikin da mace ɗaya ta riƙe. Safe da yamma nawa ne. Rana ta matar Direba ce, wadda Akawu ya ƙi amincewa da ita da fari, har sai da na zauna tsakaninsu na ci, ta ci, sannan ya ci. Ranar allura mukan tafi tare, shi yana riƙe mini sanda wajen hawa mota. Akwai ranakun da ba ya magana, akwai ranar da ya zubar da shayi ya ce warinsa ya sauya, muka dafa wani a gabansa. Labarina na layin dogo ya ƙare tuni, na shiga na gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya.

Yau da safe na same shi a falo, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye faranti. Na miƙa hannu zan ɗauki cokalin sai ya janye shi.

"Jiya na ji kana tari ta katanga, Malam," in ji shi. "Bari ni in fara."

Ya ɗiba ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Ya ajiye cokalin tsakaninmu, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Muka zauna muna jira. Keken yana gefenmu a rufe da zanen da ba ta gama ɗinke gefensa ba, hasken safiya kuma yana shigowa ta ramukan ƙusa a jikin ƙofa, ya sauka a kan tabarma.