Rigar Ciki Mai Zaren Haske

Wata huɗu Haula ta yi tana zarya tsakanin Ngong, inda take koyarwa, da wani asibiti a Garwa, kafin a rubuta sunan mahaifinta. Zuciyar Malam Abdulhalim ta gaji: daga ɗakinsa zuwa zauren da yake ba da karatu a unguwar Poumpoumré, sai ya dafa bango sau biyu. Wasu likitoci za su sauka Yawunde su yi wa mutum shida aikin zuciya kyauta, masu nema kuwa sun haura arba'in. Don a tace su, aka ba kowa wata rigar ciki ya sa kwana talatin.

Dokta Lucie, wadda jerin sunayen ke hannunta, ta yi musu bayani. A cikin saƙar akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, haske na bi ta cikinsa. In ƙirji ya motsa zaren ya lanƙwasa, hasken ya canza, sai wani ɗan akwati a gefen haƙarƙari ya aika wa asibiti labarin numfashi da bugun zuciya. Wanda rigarsa ta fi kawo mugun labari shi zai shiga gaba.

To, Malam yana da wani hali da duk unguwa ta sani: ba a yaba abu a jikinsa. Ka ce hularsa ta yi kyau, sai ka ji ta a kanka. Ya taɓa dawowa daga ɗaurin aure ba takalmi. Mutanen waje suna kiran wannan karamci, mutanen gidan kuwa sun daɗe da daina yi masa ɗinki mai tsada. Amma ko a mafarki Haula ba ta kawo rigar asibiti cikin lissafin nan ba. Kullum tana duba wayarta daga Ngong, ta ga alamar kore mai nuna rigar tana jiki tana aiki, hankalinta ya kwanta. In ta zo ranar Asabar kuma, wace 'ya ce za ta ce wa ubanta ya ɗaga riga ta gani?

Da kwanakin suka cika, likitar ta tarbe ta da fara'a.

"Madam Haula, albishirinki. Kwana huɗun farko sun tsorata ni, amma daga nan komai ya daidaita. Zuciyar babanki kamar ta ɗan shekara arba'in. Mun fitar da takardunsa daga jerin, an ba wata mata gurbin."

"Dokta, jiya sai da aka riƙe shi ya yi alwala."

"Ni abin da rigar ta aiko nake da shi. Jerin ya tafi Yawunde tun Litinin."

Haula ta hau babur zuwa gida. Ta iske Malam a zaure ya jingina da bango, ta durƙusa ta gaishe shi, kanta a ƙasa.

"Baba, rigar asibitin nan, tana jikinka?"

"Tana wajen Baffanki Mahamat," ya ce, kamar an tambaye shi ina buta. Mahamat ƙanensa ne, manomin auduga a Pitowa, mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai. "Ya shigo ina sauya kaya, ya shafa ta ya ce bai taɓa ganin yadi mai sanyi haka ba. Da wane ido zan dube shi? Amma kada ki damu, na ba shi har da wayar cajin. Na gargaɗe shi kada ya cire sai zai yi wanka, kamar yadda likita ta ce."

Baffa kuwa ya riƙe amana, Allah ya saka masa. Kwana ashirin da shida bai yi fashi ba.

Haula ta so ta yi ihu. Ta so ta ce masa wannan karon ba hula ya bayar ba. Ba ta taɓa jin haushin mutum kamar yadda ta ji nasa a lokacin ba, kuma ba ta taɓa jin tsoron rasa shi haka ba. Amma ba a ɗaga wa uba murya, sai ta haɗiye. Ta kira likitar a gabansa ta faɗa mata gaskiya. Dokta Lucie ta ce ta yi haƙuri, wataƙila baɗi in shirin ya dawo.

Malam ya hango takardar sakamakon da likitar ta ba ta a hannunta, ya ce ta fassara masa, don ba ya jin Faransanci. Ta karanta sunansa a sama, ta karanta cewa numfashi daidai, bugun zuciya daidai, babu buƙatar aiki.

Fuskarsa ta washe.

"Ashe Mahamat lafiyarsa ƙalau," ya ce. Ya tsaya ya nemi numfashi, hannunsa dafe da ƙirji, ya daɗe kafin ya samu. "Ki kira shi, 'yata. Zai ji daɗi."