Inda Katafila Ta Tsaya

Katafila ta gama da shagunan bakin titi, ta juyo. Wata mai ɗinki ta cire kan keken ɗinkinta ta rungume shi kamar jariri. Shagonta yana layin ƙarshe, cikin tsohon shingen tashar jirgin ƙasa, ga kayan mutane rataye, wasu ko hannu ba a sa musu ba.

"Inna, fito!" in ji shugaban 'yan rusau. "Dokar jiha ce, ba ni na yi ta ba."

Sai wata 'yar siririya mai tabarau ta sauko daga motar ma'aikatan. Lauyar gwamnatin jihar ce, tare suka zo. Ta tsallake ɓaraguzai, takalminta na zamewa, ta tsaya a bakin shingen, daidai haƙoran katafilar.

"Ranka ya daɗe, nan za mu tsaya."

"Za mu? Ke da wa?"

"Daga shingen nan zuwa layin dogo, dokar tarayya ke riƙe da wurin. Inda tamu ta ci karo da tasu, tamu ce ke ja da baya."

"Ikon Allah! Wa ke biyan ki albashi, mu ko su?"

"Ku. Shi ya sa ba na so kotu ta sa ku gina abin da kuka rushe."

Direban katafilar ya leƙo. "Oga, ni fa ba na taka lauya. Tana ƙarƙashin taya ma sai ta kai ni ƙara."

Mutane suka tuntsire da dariya. Shugaban bai yi ba. Ya koma gefe da waya a kunne, ya yi ta "to, yallaɓai, to." Da ya dawo bai ko dubi lauyar ba, ya yi wa direba hannu. Katafilar ta ja da baya tana gurnani.

Mai ɗinki ta ƙaraso. "'Yata, Allah ya yi miki albarka."

"Kada ki gode tukuna, Inna. Ban ce shagonki ya tsira ba. Su ma na tarayyar in sun so, za su tashe ku. Mu ne dai ba mu da hurumi."

Suna cikin magana motar ma'aikatan ta tashi ta bar ta. Lauyar ta bi ta da kallo, ta gyara tabarau. Mai ɗinki ta dube ta daga sama har ƙasa.

Ta ajiye keken, ta jawo bencin masu jiran ɗinki.

"Zauna, kafin ƙafafun nan su kunyata ki a gaban mutane."