Mutuwar Lowell a Takarda

Duk shekara haka suke mana. Da zarar 'yan makaranta na aji sha ɗaya sun fara shirin shiga jami'a, sai su cika mana gidan tsofaffi a nan garin Toledo na Amurka, baki har kunne, don an ce jami'o'i na son yaro mai aikin taimako. Ni Doreen ko kallo ba su ishe ni ba. Amma maƙwabcina Lowell, wanda ɗansa ya manta hanyar gidan nan, shi kam ya faɗa tarko.

Kendall sunan yarinyar da ta liƙe masa. Kowace Asabar tana zuwa su yi karta. Tsoho ya koma aske gemu, yana ɓoye mata biskit ɗinsa, wai jikarsa. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, Asabar.

Na ce masa, “Kai dai ba ka da wayo. Ba don Allah kuturu ke ƙin wasan dambe ba, wannan ma ba don Allah take zuwa ba.”

Ya ce, “Hassada ce ke cin ki, tsohuwa.”

Ran nan ta zo da uwarta, za ta karanta masa rubutun da za ta tura wa jami'a, a kansa ta yi. Ina gefe ina saƙa. Ta karanta kartar, ta karanta biskit, Lowell sai washe baki yake. Can sai na ji ta ce, “Ranar da ya rasu, hannunsa yana cikin nawa.”

Na ajiye saƙar, na ɗago kai.

Uwar ta yi dariya, ko kunya babu. “Kar ka damu, Baba. Malamar da ke duba mata rubutun ce ta ce labarin ya yi kyau, ƙarshe ne babu. Ka san masu karantawar nan, sai an sa su hawaye.”

Na jira ya kore su. Sai ya shafa haɓarsa, ya tambayi yarinyar, “Yaushe za ki tura?”

“Sai Nuwamba, Kaka.”

“Kafin nan za ki ci gaba da zuwa?”

Ta kalli uwarta tukuna, sannan ta ce e.

Lowell ya jawo kartar ya fara rabawa. Ya ce, “To shi ke nan. Zan yi ƙoƙari kada in mai da ke maƙaryaciya.”