Azumin Hajiya Batulu

Hajiya Batulu ta sake fizge allurar ƙarin ruwan daga hannunta, jini ya ɗiga a kan zanen gadon asibiti. Abdulmajeed ya zabura ya riƙe hannun. Ta dube shi kamar baƙon da ya faɗo mata ɗaki ba sallama, ta ce a rabu da ita, azumi take yi.

Watan azumi kuwa ya wuce tun tuni, har an yi babbar salla an cinye naman. Amma tun da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyar tasa, ya ɗauko ta daga Katsina ya kawo ta gidansa na Gwarinpa a Abuja, kullum gari ya waye a cikin Ramadan take. Da farko abin har burge shi yake yi. A ma'aikatarsu, inda kowa ke zancen kwangila da filaye da sabuwar wayar salula, shi labarin tsohuwarsa yake bayarwa, wadda ta manta sunayen jikokinta amma ba ta manta Ubangijinta ba. Abokai su ce masha Allah, gogan naka ya ji kansa ya yi girma. Bai taɓa tsayawa ya lura ba cewa tsohuwa na wuni a zafin Abuja ba ko ɗigon ruwa, in magariba ta yi ta kurɓi kaɗan ta ture kofin.

Sai ga zazzaɓi. Ta shiga sambatu, tana ganin mutanen da suka daɗe a ƙasa, shi kansa ta daina gane shi. Dakta Helen ta yi masa bayani a tsaye: rashin shan ruwa ne ya ba ƙwayoyin cuta damar zama a mafitsara. Jiki ya tashi yana yaƙi da su, zafin yaƙin kuwa har ƙwaƙwalwa yake kaiwa, ƙwaƙwalwar da dama ta gaji. In ruɗewar ta daɗe, abin da ya tafi ba duka yake dawowa ba. Dole ruwa da magani su shiga jikinta yau.

Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce mata an yi salla tuni, ta ce maƙaryaci ne. Ya ce addini ya ɗauke wa mara lafiya azumi, ta ce lafiyarta lau. Ya fita baranda, ya dawo, ya sake fita. A ƙasa manyan motoci daga kasuwar Dei-Dei na wucewa da siminti da rodi, wayarsa na ta kuka a aljihu, daga ofis ake nemansa.

Nas Catherine ta shigo da naɗin bandeji a hannu. "Oga, Mama bai sha magani ba, bai sha ruwa ba. Dakta ya ce mu ɗaure hannu a gado, mu mayar da dirif."

Ya dubi siraran hannuwan nan da suka yi masa wanka yana yaro. Tsoro ya kama shi, ga kunyar alfaharin da ya riƙa yi. Ya roƙi Catherine ta ɗan dakata, ta cika kofi da ruwa, ta riƙe maganin, ta tsaya kusa da tsohuwar.

Ya ja labulen taga ya rufe ruf, ya kashe fitila, ɗakin ya yi duhu-duhu. Sannan ya fita ya tsaya a bayan ƙofa. Rana ko tsaka ba ta kai ba. Ya yi istigfari a ransa, ya sa yatsu a kunne, ya fara kiran sallar magariba. Masu jinya suka leƙo daga ɗakuna. Wani dattijo ya duba agogonsa ya girgiza kai, ganin babban mutum da shadda mai sitaci ya zare da hantsi. Abdulmajeed ya runtse ido ya kai kiran har ƙarshe.

Da ya shigo, ya tarar ta yi bisimilla ta haɗiye ƙwayoyin maganin, kofin ya kusa ƙarewa. Ta miƙo masa sauran.

"Bawan Allah, kai ma sha. Ka wuni da ƙishirwa."

Ya karɓa ya sha, hawaye na gangaro masa. Ta koma ta kwanta, ta ce a tashe ta da sahur.

Catherine ta matso ta raɗa masa cewa kofi ɗaya bai isa ba, sai ta riƙa sha a kai a kai har yamma. Ya dubi tsohuwar. Ya san nan da an jima za ta manta ta sha ruwa, ta ɗauki sabon azumi. Ya gyara gefen labulen da hasken rana ke leƙowa, ya kashe wayarsa, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa yana jira ta farka.