Ba Ƙurji, Ba Kumburi

Shekara biyu da rabi ƙanwata Auta tana cewa fatarta na yi mata zafi, shekara biyu da rabi ina cewa ƙarya take yi. Ba zan wanke kaina ba. Haka na ce, kuma a gaban mutane na faɗa.

To ku ma ku duba mana. Ba ƙurji, ba kumburi, ko ɗan ja babu. Fata sumul, ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Shagon ɗinki gare mu ni da ita, keke biyu, teburin yanka ɗaya. Auta za ta saɓo bandir ɗin yadi a kafaɗa tun daga bakin titi, ko uffan ba za ta ce ba. Amma gefen mayafin mai kawo ɗinki ya gogi damtsenta, sai ta zabura kamar an ɗiga mata tafasasshen ruwa. Fanka ta hana mu kunnawa, wai iskar na yankar ta. Riga kuwa a baibai take sawa don kada bakin ɗinki ya taɓa jikinta. Tela guda, a shagonta, da riga a baibai! Ni kuma ga zufa, ga taka keke, ga ba mutane haƙuri a kan aikin da ba ta gama ba.

Asibiti mun je har ƙafa ta gaji. A ɗebi jini, a ce lafiyarta ƙalau. Wannan likita ya ba da man shafawa, wancan ya ce ta canza sabulu. Wani ya ce tunani ne ya yi mata yawa. Maganarsa na riƙe gam, don ita ta yi daidai da abin da nake so in ji.

Wata Talata da hantsi tana sunkuye tana zira zare a allura, na ɗauki ɗan ƙyalle daga ƙasan tebur, na lallaɓa ta bayanta na shafa mata a wuya. So nake in ga ko za ta ji in ba ta san an taɓa ta ba. Ƙarar da ta yi sai da mai shagon kusa ya leƙo. Ta dafe tebur, hawaye na zuba, ta dubi ƙyallen da ke hannuna.

“Gwada ni kike yi, Yaya?”

Na ce wasa ne. Wasan me, ni da rabona da yi mata wasa har na manta.

“Ƙarshen wata zan ɗauke kekena in koma wurin Gwaggo,” in ji ta. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ni na riƙe yarinyar nan tun rasuwar mahaifiyarmu, ni na ɗora ƙafarta a kan keke. Shekara goma sha biyu ban taɓa wuni a shagon nan ni kaɗai ba, kuma wallahi ban san yadda ake yi ba.

Wata nas da muke yi wa ɗinki ce ta nemo mana ganin likitar jijiyoyi. Muka yi sammako. Na samu wuri a benci, Auta ta ƙi zama saboda cunkoso, ta tsaya awa uku a gefen bango ba ta jingina ba.

Likitar dattijuwa ce, ita ma da ganin idonta ta gaji. Ta yago auduga ta ce, “Zan shafa miki a hannu, kin yarda?” Auta ta gyaɗa kai. Tana shafawa Auta ta cije leɓe. Sai likitar ta danna wurin da babban yatsa da ƙarfi.

“Wannan fa?”

“Wannan da sauƙi.”

“Idonki na bushewa? Bakinki fa? Da safe yatsunki na ƙagewa?”

Auta ta ce e, duka. Ni da nake mata tsiya kullum a kan gorar ruwan da take kurɓa kamar jaririya, na sunkuyar da kai.

Likitar ta ce akwai ƙananan jijiyoyi a cikin fata, su ke kai saƙon taɓawa da zafi. In suka taɓu, shafa kaɗan sai ta zama wuta, alhali dannawa da ƙarfi ba ta kai haka ba, kuma ido ba ya ganin komai. Ciwon suga kan jawo haka, ko ƙarancin wani sinadari a jini, ko matsalar maƙoshi. Amma da wannan bushewar ido da baki, ta fi zargin garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar jikin. Za a sake ɗibar jini, a ɗan yanki fata a duba, sakamako sai bayan mako uku.

“Yana iya fitowa bai nuna komai ba,” in ji ta. “Ana samun haka. Ciwon dai yana nan.”

Da muka fito bakin titi jiran mota, na yi ta juya maganar a bakina. Ni ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba.

“Auta, ki bar zancen ɗauke keken nan tukuna. Bari sakamako ya fito. In ya nuna wani abu, sai mu san yadda za mu yi.”

Ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce zalla.

“In bai nuna ba fa, Yaya?”

Motoci biyu suka wuce ba mu tsayar ba.

“Matar nan ko minti goma ba ta yi da sanina ba,” ta ce. “Ke tun ina rarrafe.”

Ranar Asabar ni na kama mata ƙafar keken muka ɗora a bayan mota. Na haɗa mata almakashin nan mai kaifi da muke faɗa a kansa, ta karɓa ta ce ta gode, kamar wadda baƙuwa ta yi wa kyauta. Direba ya ta da mota. Na matso zan rungume ta, sai na tsaya da hannuwana a buɗe kamar sakarya. Ban san inda zan taɓa bai yi mata zafi ba. Ban taɓa tambayar ta ba.